Asubahin da Motata Ta Ƙi Tashi a Ngaundare

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina zaune a Garwa ina kasuwancin atamfa da shadda, kuma ba zan iya ƙirga sau nawa na bi hanyar Garwa zuwa Ngaundare ba. Kusan kilomita 280 ce. Amma tafiyar da muka yi a watan Janairun 2025 daban take, domin ba kaya na je ɗauka ba. 'Yata ta fari ce za ta taho daga Yawunde da tsohon ciki, za ta yi haihuwar fari a gida kamar yadda muka gada. Jirgin ƙasa yakan taso daga Yawunde da dare ya iso Ngaundare da hantsi, kuma a nan layin dogo ya ƙare tun da aka kawo shi a 1974. Duk wanda zai wuce arewa, daga nan sai mota.

Muka tashi bayan azahar, ni da uwargida da ɗan autanmu. Muka haye gadar Binuwai, muka wuce Ngong inda buhunan masara da gyaɗa ke jibge a bakin titi. Daga can hanya ta shiga daji, tana bin gefen gandun namun daji na Binuwai, inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga komai ba sai birai a kan kwalta da masu sayar da gawayi jefi-jefi. A Mbe uwargida ta sa muka tsaya ta sayi doya, domin ba a wuce Mbe ba a sayi doya ba. Bayan nan sai hawan dutsen da direbobi ke kira falez. Titin yana murɗewa kamar maciji, tireloli na rarrafe, yaran mota na biye da su da katakon tare taya. Garwa tana ƙasa a kwarin kogi, Ngaundare kuwa tana kan tudu, sama da mita dubu ɗaya. Kana hawa kana jin iska na canzawa. Kafin mu kai Dang, inda jami'a take, uwargida ta lulluɓa da mayafi biyu.

Motar da muke ciki a-kori-kura ce ƙirar Amurka ta 2019, na saye ta hannu na biyu a 2022 bayan ta sauka a Kwatano. Irin waɗanda ake kira ƙaramin haibirid ce. Da fetur take tafiya kamar kowace mota, sai dai tana da wani batir mai bolt 48 a bayan kujerar baya, da wani ƙaramin injin lantarki da bel ya haɗa shi da babban inji. In ka tsaya a mahaɗar titi sai inji ya mutu da kansa, kana ɗaga ƙafa daga birki ya tashi shiru, ko girgiza babu. Ni kuwa abin da na sa a raina shi ne, mota mai batir biyu ai ta fi ƙarfin a tura ta. Nan ne na yi kuskure.

Muka kwana a gidan wani abokin cinikina. Bayan sallar asuba na fito, sanyi har cikin ƙashi, gilashin mota ya yi sanyi kamar ƙanƙara. Na danna maɓallin tashi. Sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, fitilun allon gaban direba suka yi ta ƙyafta ido, sannan komai ya ɗauke. Na sake, haka. Na uku ma ko ƙas ɗin babu.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Alhaji, lafiya?"

Na ce, "Sanyi ne, yanzu za ta tashi."

Ta dube ni ta ce, "Tun damina nake jin tana nishi da safe, kai ne dai ba ka ji."

Wallahi ban da amsa. Mai masaukina ya aika aka taso wani yaro mai gyaran wayar mota. Kafin ya iso, wani direban tirela da ya kwana a layin, bawan Allah, ya jawo wayarsa zai ba mu wuta. Har mun buɗe bonet sai ga yaron a kan babur yana ɗaga hannu: "Baba, kar ku haɗa! Tirela bolt 24 ce, taku 12." Ya ce da mun haɗa kai tsaye, da kwamfutocin motar sun ƙone, kuma kuɗin ɗaya daga cikinsu ya sayi batir da yawa. Na ji gumi ya karyo mini cikin wannan sanyin.

Ya ɗora mitarsa a kan batirin da ke gaba. Ta nuna 11.9. Ya ce batir mai lafiya da ya kwana bai yi aiki ba yakan nuna 12.6 ko sama da haka. In ya nuna 12.4 ya ɗan sauka, 12.2 rabi ke nan, ƙasa da 12 kuwa kusan babu komai a ciki. Ya sa ɗana ya danna maɓalli, lambar ta faɗo zuwa bakwai da ɗoriya. Ya ce lokacin da sitata ke jan inji bai kamata ta sauka ƙasa da 9.6 ba.

Na ce, "To ɗana, ina ɗayan batirin? Me yake yi a baya da ba zai taimaki ɗan'uwansa ba?"

Ya yi dariya. Bayanin da ya yi mini, wanda daga baya na bi diddigi na tabbatar, shi ne wannan. Tashin farko da safe, a irin motata, aikin sitata ne na gargajiya, kuma daga ƙaramin batir mai bolt 12 yake shan wuta. Kwamfutocin da za su farka su ba wa batirin bolt 48 izinin aiki su ma daga ƙaramin suke ci. Idan ƙaramin ya kwanta, babban yana nan cike da wuta amma babu mai buɗe masa ƙofa. Sannan motar ba ta da altaneta irin wadda muka saba. Ƙaramin injin lantarkin ne ke cajin batirin bolt 48, wata na'ura kuma ta rage wutar ta shayar da na bolt 12.

A nan yaudarar take. A tsohuwar mota, batir in ya fara gajiya za ka ji shi duk lokacin da ka murɗa makulli. A wannan kuwa, tashin da kake ji sau ashirin a cikin gari, mai laushi kamar siliki, batirin baya ne ke yin sa. Shi na gaba sai lokacin da ka kashe mota ka dawo ake gwada shi, kuma da rana inji da ɗumi, ba ya shan wahala. Gwajinsa na gaskiya sau ɗaya ne, da asuba.

Ya nemo wata ƙaramar tasi. Ya haɗa jar waya a kan alamar tarawa ta batiran biyu, baƙar kuwa ya maƙala ta a jikin ƙarfen injin motata, bai sa a kan batir ba. Ya nuna mini wani ɗan akwati a bakin baƙar wayar batirin, ya ce shi ne ke ƙirga wutar da ke shiga da mai fita, bai kamata a tsallake shi ba. Bayan minti biyar motar ta tashi. Ya danna maɓallin da ke hana inji mutuwa da kansa, ya ce, "Baba, kar ka kashe ta sai ka dawo wurina."

Haka muka je tasha. Na bar ɗan auta a mota inji na aiki, muka kutsa cikin 'yan dako da masu babur da masu kilishi. Jirgi ya iso, 'yata ta sauko da ƙyar, ƙafafu a kumbure, uwarta ta rungume ta. Ina tsaye ina kallon su sai zuciyata ta koma kan hanyar jiya. Da a ce batirin nan ya jure wannan safiyar, da mun kama hanya. Da mun tsaya sallah ko yin fitsari a tsakiyar dajin nan na Binuwai mun kashe mota, ta ƙi tashi, da mai ciki wata tara a kujerar baya, a wurin da waya ma ba kullum take kamawa ba. Kuma mota ce mai canza giya da kanta, turawa ba ta tashe ta. Sai na ga ashe ƙin tashin nan rahama ce.

A garejin yaron ya caja batirin sa'o'i, sannan ya gwada shi da na'urar da ke auna ƙarfin bugu, abin da ake rubutawa CCA a jikin batir. Abin da ya rage bai fi rabin lambar da ke rubuce ba. Ya goge ƙura ya nuna mini wata 'yar takarda a manne: 3/21, wato watan Maris na 2021. Batirin ya kusa shekara huɗu. Ya yi makonni a jirgin ruwa da tashar Kwatano ba a tada motar ba, wanda shi kaɗai yana rage wa batir kwana, sannan ya sha bazara uku a Garwa, inda a Maris da Afrilu zafi ke wuce digiri 40. Ya ce, "Baba, ba sanyinmu ne ya kashe shi ba. Zafinku ne ya cinye shi, sanyinmu ya tona asiri kawai." Gaskiya ya faɗa. Zafi na cin farantan dalma da ke ciki yana busar da ruwansa, sanyi kuwa yana rage ƙarfin batir a daidai lokacin da man inji ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa.

Da na zauna na yi lissafi, motar ta daɗe tana yi mini magana. Tun ƙarshen bazara ta rage mutuwa da kanta a mahaɗar titi, daga baya ta daina gaba ɗaya, ni kuwa har murna na yi, na ce ta huta da wannan iyayin. Na'urar sanyaya mota ma kan hana ta mutuwa in ana tsananin zafi, amma in ta yi makonni ba ta yi ba ko da yamma ta yi sanyi, a duba batir. Sau biyu agogon motar ya koma baya. Wata safiya wasu fitilun gargaɗi suka kama suka ɗauke ba dalili. In na yi kwana huɗu a Dawala ban tada ta ba, sai ta yi jan ƙafa kafin ta kama. Ga kuma nishin da uwargida ta ji.

Sayen sabo ma sai da aka yi ja-in-ja. Mai shago na farko ya turo mini batir na ruwa na yau da kullum, ya ce girmansu ɗaya kuma ya fi sauƙi. Yaron ya ƙi. Wanda ke motar nau'in AGM ne, rufaffe, ba a ƙara masa ruwa, an yi shi ne don motar da ke yawan mutuwa da tashi, kuma motar da irin cajinsa ta saba. Araha ba ta ado. A shago na uku muka samu mai girma ɗaya da lambar CCA da ba ta gaza ta tsohon ba, muka duba watan da aka yi shi don kar a ba mu wanda ya tsufa a kan kanta. Bayan ya ɗaura, ya ce wasu motocin sai an sanar da kwamfutarsu an canza batir, ya jona na'urarsa ya duba. Batirin bayan kujera kuwa ya ce kar in bari kowa ya buɗe shi in ba wanda ya san aikin ba.

Muka ƙara kwana. Washegari da sanyin safiya ta tashi bugu ɗaya. Muka gangara falez a hankali, 'yata na barci a kafaɗar uwarta, muka shiga Garwa kafin la'asar. Kwana goma sha ɗaya bayan haka ta sauka lafiya, aka samu ɗa namiji.

Irin waɗannan motoci za su ƙaru a hannunmu, tunda Toyota ma ta fito da Hilux mai bolt 48 a 2024, kuma abin da aka hau a can yau shi ke sauka a Kwatano da Dawala gobe. Ni dai yanzu na sayi 'yar mita tana cikin aljihun mota. Ina auna batir da safe kafin duk wata doguwar tafiya, ina kai shi gwajin ƙarfi sau biyu a shekara, bayan bazara da kuma kafin hunturu. In ya haura shekara uku a ƙasar zafi irin tamu, ko lambobinsa suka fara sauka, zan canza shi yana da sauran numfashi, don ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma uwargida ta ce ta ji mota na nishi, ba na ƙara musu.