Abin da Haske ke Gani a Tawadar Malamai

A ƙasar Zazzau, irin su Ikara da Makarfi da Kudan, wani zanen launi da mutane suka daɗe da sabawa da shi shi ne zayyana, wato adon da marubuta Alƙur'ani ke yi a gefen shafi da kan surori da jar tawada da rawaya, kuma kayan haɗinta sun cancanci nazari kamar yadda rubutun ya cancanta. Masana kimiyya suna da hanyar gane su ba tare da kankare takarda ba. Idan aka ɗauki hoton shafi da hasken infared, wanda idon mutum ba ya gani, tawadar gawayi da ƙaro tana nan baƙa wuluk, amma wadda aka dafa da bagaruwa da ƙarfe sai ta dusashe. Na'urar eksire kuwa tana nuna sinadaran da ke cikin launi, ta yadda za a rarrabe jan ƙasa mai ƙarfe da rawayar zarnihi mai gubar arsenik.

A 2011 wata mai nazari, Michaelle Biddle, ta wallafa bincike kan tawadar rubuce-rubucen Arewacin Nijeriya, inda ta haɗa bayanin masu dafa ta da gwajin kimiyya. Wannan haɗin shi ne abin lura, domin na'ura tana faɗin sinadari ne kawai, amma sunan itacen da ake yin tawadar da shi da yadda ake dafa shi suna bakin dattawan malamai. Ya kamata cibiyoyi irin su Arewa House da ke Kaduna su rubuta wannan ilimi tun masu shi suna raye.