Ranar da sanarwar rasuwa ta yi ta yankewa



Wata Alhamis da yamma, bayan labaru, na saki sanarwar rasuwar wani dattijo da muka ɗauka tun da safe. Sai sauti ya kama tsinkewa. Sunan unguwar da ake zaman makoki ma bai fito ba. Ɗan mamacin ya kira ni, ya ce: "Malam, ƴan uwanmu na ƙauye ba su ji inda za su zo ba." Wallahi na ji kunya.

Ba kuran ce ta ɗauke ba. Duk sautin gidan rediyonmu yana cikin babbar kwamfuta guda, sabar. A daidai lokacin tana kwafe ajiyarmu kakaf zuwa wani disk na tsaro. Awa guda ta sautin WAV ta wuce mega 600, mu kuwa na shekaru gare mu. Disk ɗin irin mai juyawa ne, allurar karatunsa tana kai da komo tsakanin kwafi da sanarwa, shi ya sa sanarwar ke jiran layi.

Washegari wani abokin aiki ya ce a daina kwafin kawai. Na ƙi. A ciki akwai hirarrakin tsofaffi da makaɗa da suka riga mu gidan gaskiya. In disk ya mutu, wa zai sake yi mana su?

Ma'aikacinmu na na'urori ya gyara abu uku. Ya maida kwafin ƙarfe 2 na dare, bayan mun rufe tasha. Ya sa manhajar rsync, wadda ba ta ɗaukar komai sai sabo da abin da aka canza. Sannan ya ƙayyade mata gudu, ya sa ta a bayan layi, ta yadda in shiri na buƙatar disk ɗin, ita ce ke dakatawa. Duk wata kuma muna maido fayil guda mu saurara, don a tabbata kwafin na da rai.

Masu gidajen rediyo, shagunan intanet da ofisoshi, kar nauyin kwafi ya sa ku bar shi. Ku canza mishi lokaci, ku rage mishi gudu.

Sanarwar kuwa mun sake sakinta a daren nan, kyauta. Allah ya jiƙan dattijon.