Nguru, Inda Dogo Ya Tsaya

Daga Gashuwa motarmu ta nufi yamma, ta ratsa ƙasar Karasuwa. A Jajimaji aka sauke wasu fasinjoji da buhunan gero, muka miƙa. Ta kudu fadama ce, inda ciyawar kacalla ta toshe wa masunta da manoma hanyoyin ruwa. Ta arewa sai rairayi da itatuwan ƙaya. Ni dai tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Nguru nake son gani.

Nguru ta girmi dogo nesa ba kusa ba. A da ƙasar Galadiman Borno ce, mai tsaron yammacin daular. Amma garin ciniki da kakanninmu suka sani, tasha ce ta raine shi. A 1930 layin da ya taso daga Kano, ya bi ta Ringim da Malam Madori da Birniwa, ya iso nan, kuma ba a ƙara gaba da shi ba. Tsayawar nan ita ta zama arzikin garin. Duk mai kaya daga Bade, Machina, har cikin ƙasar Manga ta Nijar, sai ya sauke a Nguru: gyaɗa, ƙaro, fatu da ƙiraga, kanwa a bayan raƙuma, ga shanu ana kora su cikin taragu zuwa kudu. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna. Kanawa, Yarabawa, Ibo da Larabawa suka zo cin kasuwa, da yawansu suka yi gida, suka haifi 'ya'ya.

Na taka a gefen ƙarafunan har inda suka ƙare, na zaga gine-ginen. Sun tsufa, kuma manyan motoci sun daɗe da karɓe lodin da taragu ke ɗauka. Abin da ya taɓa ni shi ne yadda yara ke wucewa ta wurin ba tare da sanin cewa nan ne cibiyar garinsu ba. A ganina, bayan fada, babu ginin da ya kai tashar nan ɗaukar tarihin Nguru.

Ina roƙon hukumomin Yobe da masarautar Nguru su kula da gine-ginen nan. Ɗalibanmu na tarihi kuma su je wurin tsofaffin leburori da dillalan gyaɗa, su rubuta abin da suka gani tun suna da rai.