Tsokokin da ke Ƙarƙashin Fara'a

Yawancin tsokokin jikin mutum ƙashi suke ja. Ta damtse, alal misali, ta kama ƙashi a sama ta kama wani a ƙasa, in ta tsuke sai hannu ya lanƙwashe. Na fuska kuwa Allah bai tsara su haka ba. Bakinsu ɗaya na kafe a ƙashin kai, ɗayan yana ƙarewa a cikin fata, wasu ma a jikin 'yan'uwansu suke saƙe. Shi ya sa in sun motsa fata ce ke motsawa, wannan motsin kuma shi muke kira fara'a, ko harara, ko taɓe baki, ko haɗe gira. Ina saurayi na haddace wannan a makarantar koyon aikin jinya don in ci jarrabawa. Sanin nauyinsa kuwa sai da furfura ta fito mini a ɗakunan marasa lafiya na nan Sakkwato, inda na yi ta ganin mutanen da waɗannan siraran tsokoki suka daina yi wa aiki.

Masana sun sha bamban wajen ƙidayarsu, domin akwai ƙananan da ba kowa ke da su ba, amma in an haɗa dama da hagu sun kai 40. Akwai zoben tsoka da ya kewaye kowane ido, shi ke rufe shi. Mutum na ƙiftawa sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya bai ma sani ba, kowace ƙiftawa tana shafa wa ƙwayar ido hawaye ta share ƙura. Wanda ya san ƙurar hunturun garin nan ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai wani zoben da ya kewaye baki. Da shi jariri ke kama nono, da shi ake riƙe ruwa in za a kurkure baki wajen alwala, in babu shi kuma ko "Baba" ko "Mama" ba za ta fito daidai ba. Daga ƙashin kunci wata ta sauko ta kama gefen baki, ita ke ɗaga shi in an yi murmushi. Ta goshi tana ɗaga gira, wata 'yar ƙarama a tsakanin girar tana haɗe ta, kuma ita ce ta zana mana layukan nan biyu da ake gani bisa hancin tsofaffi.

Wadda na fi so ita ce ta cikin kunci. Aikinta na kullum shi ne ture lomar tuwo ta koma tsakanin haƙora, kada ta maƙale a lungun baki. Amma in kana son ganin iyakar abin da za ta iya, je ƙofar fadar Sarkin Musulmi ranar Sallah ka tsaya kusa da mai algaita. Kumatunsa za su cika tam har fatar ta yi sheƙi. Yana matso iskar da ya tara a cikinsu zuwa cikin algaitar, a daidai lokacin kuma yana shaƙar wata ta hanci, saboda haka busar ba ta yankewa. Jama'a na yaba huhunsa, alhali rabin gwanintar a kunci take.

Duk waɗannan shugabarsu ɗaya ce, jijiya ta bakwai daga cikin 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Tana ratsa ƙashin kunne, ta ɓullo ta ƙarƙashinsa, ta shiga cikin matsarmamar yawun da ke kumbura in yaro ya kamu da hangum, sannan ta rabu reshe biyar ta bazu daga goshi zuwa wuya. Tsokokin tauna kuwa, guda huɗu a kowane ɓangare, wata jijiyar daban ce ke tafi da su, ta biyar. Ɗora yatsa a kusurwar muƙamuƙinka ka cije haƙora, za ka ji ɗaya daga cikinsu ta taso. Ita ce ke fasa goro.

Ranar da jijiyar nan ta bakwai ta kumbura a cikin matsattsiyar hanyarta ta ƙashi, mutum kan kwanta lafiya ya tashi da karkataccen baki. Ina tuna wani ɗan kasuwa daga wajen Tsohuwar Kasuwa da ƙanensa ya kawo mana, ya yane fuska da rawani.

"Malam, magajina na," in ji ƙanen. "Jiya lahiya lau yak kwanta. Da asuba yaz zo alwala munka ga ruwa na zuba ta gefen baki. Mutane sun ce iska ta."

Na ce, "Alhaji, ɗaga girarka ka dube ni."

Goshin dama ya tattare, na hagu ko gezau. Na ce ya rufe ido, na hagu ya ƙi rufuwa, sai ƙwayar ta juya sama farin ya bayyana. A gida sun yi ta shafa masa magani a ɓangaren dama, don can bakin ya karkata. Ba su san cewa lafiyayyen gefen ne ke jawo bakin wajensa ba, tun da ɗayan ya saki.

Wannan tambaya ta ɗaga gira ba don wasa muke yin ta ba. In goshi ya mutu tare da sauran ɓarin fuska, galibi jijiyar ce kanta ta samu matsala, ciwon da ake jingina wa Charles Bell, likitan ƙasar Sikotland da ya bayyana aikin jijiyar a 1821. Mafi yawan masu shi suna warkewa cikin makonni ko 'yan watanni, maganin rage kumburin kuma ya fi amfani in an fara shi kafin kwana uku su cika. Sai dai a kula da idon da ba ya rufuwa, a riƙa ɗiga masa magani ana rufe shi da dare, in ba haka ba ya bushe ya yi gyambo. In kuwa goshi na motsi amma baki ya zube, musamman in hannu ya yi nauyi ko magana ta sarƙe, to abin daga ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki ce ke ƙwanƙwasa ƙofa, kowace sa'a kuma tana da tsada. Ban taɓa hana kowa addu'a ba. Abin da nakan ce shi ne a yi ta a cikin mota, ana kan hanyar asibiti.

Alhajin ya warke. Amma da ya dawo a duba shi, abin da ya fi yi masa ciwo shi ne yadda abokan ciniki suka ɗauka yatsina yake yi musu. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma akwai gaskiya a ciki. Wani likitan Faransa, Duchenne, ya yi ta tsokanar tsokokin fuska da lantarki har ya wallafa littafi a 1862, ya nuna cewa murmushin gaske ba ya tsayawa a baki, sai zoben ido ya shiga. Iyayenmu mata ba su buƙaci lantarki ba kafin su rabe murmushi da yaƙe. Sai dai karin maganar nan tana aiki ne in naman na da lafiya. Na ga dattijon da ciwon makyarkyata ya daskarar wa da fuska, iyalinsa na cewa ya zama mai girman kai. Na ga waɗanda kuturta ta kashe wa reshen da ke rufe ido, irin waɗanda aka daɗe ana jinya a Amanawa, ana cewa suna zare wa mutane ido. Tun daga nan na rage saurin yanke wa mutum hukunci da fuskarsa.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka zo maganar cutar noma. Wasu na ce mata zaizayar baki, wasu ciwon daji, wasu ciwon iska. Yara take kamawa, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta riga ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Daga dasashi take farawa: ya yi ja, ya riƙa jini, baki ya yi wari. Kafin a ankara kunci ya kumbura, wani baƙin tabo ya fito, cikin kwanaki ƙalilan naman ya mutu ya zube, ana hango haƙora daga waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma ba sa rayuwa. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma ba aikin maye ba ce. A da akwai ta a Turai, ta ɓace da abinci ya wadata, sannan ta sake ɓulla a sansanonin da 'yan Nazi suka tsare mutane cikin yunwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana asalinta.

A nan Sakkwato aka buɗe asibitin yara masu noma a 1999, da taimakon ƙungiyoyin agaji na Jamus da Holand, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tare da ma'aikatar lafiya a wurin. Kyauta ake yin komai. Daga Kabi da Zamfara da sauran wurare masu nisa ake kawo yara. Bayan na yi ritaya na raka wata tsohuwa, 'yar'uwar maƙwabcina daga ƙauye, da jikanta. Yaron ya tsira da ransa, amma tabon da ya warke ya ƙanƙance ya ɗaure tsokokin tauna, baki ya kulle. Lafiyayyen mutum yatsunsa uku a jere kan shiga tsakanin haƙoransa. Wannan yaro ko tsinken cokali da ƙyar.

"Inna, me yake ci?" na tambaye ta.

"Kunu, Malam. Ta kahwar haƙorin da yaf faɗi nike ɗura mishi."

Bayan an yi masa aiki an sake muƙamuƙin, sai aka shiga wahalar da ta fi tsawo. Mai gashin ƙashi yakan jera 'yan katakan nan masu faɗi da ake danne harshe da su, ya cusa tsakanin haƙoran yaron, yana lallashi yaro na hawaye. In baki ya ƙara buɗuwa a ƙara katako ɗaya. Kullum sai an yi, har bayan an koma gida, domin in aka yi sakaci tabon zai sake tsukewa. Tsohuwar ta ɗaure nata katakan a bakin zane, tana ƙirga su kamar kuɗin adashi.

Likitocin da ke gyaran fuskokin nan gwanaye ne, Allah ya saka musu. Sukan ɗauko fata da nama daga ƙirji ko wuya ko goshi su toshe ramin, su ƙera leɓe, su tayar da hanci. Yaro ya samu ya ci, ya yi magana, ya shiga makarantar allo ba tare da an watse an bar shi ba. Mulikat Okanlawon, wadda aka yi wa aiki a wannan asibiti ta kuma zama ma'aikaciyarsa, ita da Fidel Strub suka kafa Elysium, ƙungiyar waɗanda suka tsira daga noma, har mujallar Time ta sa su cikin mutum 100 mafiya tasiri a harkar lafiya a 2024. Amma akwai abin da na gani da idona wanda ya kamata iyaye su sani. Fatar da aka ɗauko daga ƙirji tana rufe rami, ba ta murmushi. Tsokar da ta tashi daga ƙashin kunci ta kama gefen baki, da ɗan reshen jijiyar da ke ba ta umarni, in noma ta cinye su, da wuya hannun mutum ya mayar da irinsu. Ga shi kuwa a kwanakin farko, lokacin da abin bai wuce dasashi ba, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai araha da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita.

Najeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka kai kuka, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a ranar 15 ga Disamba, 2023. Na yi murna da hakan. Amma hankalina na kan ƙauyukan gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni, inda rashin tsaro ya raba manoma da gonakinsu, yara suka koma kwana da yunwa, allurar ƙyanda kuma ba ta isa ko'ina. A irin wuraren nan ba likita ne ke fara ganin yaro ba. Wanzami ne, da ungozoma, da mai kemis, da mai maganin gargajiya, da matan da ke bi gida-gida da rigakafi. Su ya kamata a zaunar a koya wa ɗaga leɓen yaro su duba da hasken rana ko fitilar waya. In dasashi na jini, baki na wari, ko kunci ya fara tashi ga yaron da bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, a kama hanyar asibiti a ranar, kada a jira motar ranar kasuwa.