Bukka, rumfa, tanti: abin da ake gani a hanyar Dungas

Wanda ya bar Damagaram ya yi kudu, bayan kilomita wajen 90 zai sauka Magariya. In ya karkata gabas zuwa Dungas, wadda aka ɓalle daga Magariya ta zama gunduma a 2011, to ya buɗe ido bayan girbi. Ko'ina mutane ne a ƙarƙashin inuwar da suka kafa da hannunsu, kowace kuma da sunanta.

Bafillacen da ya sauka da shanunsa a gonar da aka cire gero bukka yake yi. ƴan sanduna ne a tanƙware, a rufe da kara ko tabarma, ranar tashi a bar wa gara. Taron bukkokin ga shanu shi ne ruga. Mai rake a bakin hanya kuwa rumfa gare shi, dirkoki da zana a bisa, babu bango, domin rana yake gudu, ba kwana zai yi ba. Zango ya girme su duka. Nan fatake ke sauke jakuna su kwana, shi ya sa har gobe unguwanni ke amsa sunan ko da an gine su da siminti.

Rikicin yana farawa a bakin iyaka. Ranar Alhamis, ɗan kasuwar Dungas da ya kai tumaki Maigatari, cikin jihar Jigawa, yana shiga ƙasar Ingilishi. A can "tent" ta zama tanti, ɗakin zane mai rufewa wanda ake kwana ciki. "Canopy" ta zama kanofi, rufi bisa ƙarafa da ake haya don biki, wato rumfa ce ta ƴan birni. "Tarpaulin" ta zama tamfol, shimfiɗar da mutanenmu ke kira bash daga Faransanci. Wanda ya aika a sayo masa tanti aka kawo kanofi zai gane bambancin daren da iska ta taso. Laima ma, wadda Larabci ya ba mu da ma'anar tanti, yau ta koma abin riƙewa a hannu.

Ma'aikaci ya fi ɗan kasuwa bukatar lura. A takardar ofis ana rubuta "classe en paillote", a ƙidaya shi cikin azuzuwa. A ƙauye kowa ya san rumfar zana ce, wadda iyaye ke sake kafawa kowace shekara in an gama girbi an samu kara, abin da ke jinkirta shiga lakwal. A Nuwamba 2021, gobara ta cinye irin wannan aji a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu, watanni bakwai bayan ta Yamai. Gwamnati ta hana irinsu ga ƴan rainon yara. Na firamare kuwa, matafiyi zai gan su a hanyar Dungas, allo jingine da dirka.