Ƙyallen Tela da Tunanin Kwamfuta

A wata makarantar firamare da ke Damagaram akwai malamar da aka ɗora wa nauyin nuna wa yara yadda kwamfuta take aiki, alhali ajin nata ba shi da ko wutar lantarki. Da ta rasa na'ura, sai ta nufi Kasuwar Dole ta roƙi teloli ragowar ƙyallayen da suke zubarwa. Ta yanka su murabba'i-murabba'i, ja da fari, ta raba wa kowace ƙungiya guda 16.

Ga sharaɗin da ta gindaya: yaro ɗaya zai jera ƙyallayensa layi huɗu, kowane layi guda huɗu, sannan ya rubuta umarnin da abokinsa zai bi a bayan allo ya jera irinsa ba tare da ya gani ba. A ranar farko babu ƙungiyar da ta dace. Wani ya rubuta cewa a sa ja kusa da fari, abokinsa ya sa shi a hagu, shi kuwa dama yake nufi. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta bayyana musu cewa halin kwamfuta ke nan: abin da aka faɗa mata take yi, ba ta san abin da ke cikin zuciyar mai faɗa ba.

A rana ta uku wata yarinya mai yawan shiru ta kawo takardarta. Sauran sun rubuta umarni 16, ita uku kacal ta rubuta: a jera ja da fari sau biyu, a layi na gaba a juya, a fara da fari, a maimaita layukan nan biyu sau ɗaya. Abokiyarta ta bi, tsarin ya fito daidai. Da malama ta tambaye ta inda ta koyi haka, sai ta ce: "Malama, haka Kaka take ƙirga kaba idan tana saƙa tabarma."

Maganar yarinyar tana da tushe a tarihi. A 1804, a birnin Liyon na Faransa, Joseph-Marie Jacquard ya haɗa masaƙa mai karanta katuna masu huji, kowane kati yana nuna zaren da za a ɗaga. Charles Babbage ya ɗauki dabarar katunan a zanen injinsa na lissafi. A 2006 kuma Jeannette Wing ta rubuta maƙalar da ta yi kira a koya wa kowane yaro irin wannan tunani, kamar yadda ake koya masa karatu da lissafi.

Abin lura ga ɗalibin Hausa shi ne, malamar ba ta ari kalma ko ɗaya ba wajen bayyana ginshiƙan darasin. Raba babban aiki ƙanana-ƙanana ta kira shi rarrabawa. Hango abin da yake dawowa ta kira shi gane tsari. Jerin umarni ta kira shi matakan aiki, kalmar da Turawa suka samo takwararta daga sunan Al-Khawarizmi, masanin lissafi na Bagadaza a ƙarni na 9. Binciko inda aka kauce kuwa gyaran kuskure ne.

Wannan na ƙarshe shi ya fi ba yaran wuya. Da aka ɗinke gutattakin suka zama bargo guda, sai aka ga wani yanki ya juye. Nan take yara suka nuna wanda ya ɗinka. Malama ta tunatar da su cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ta sa aka karanta takardar umarni layi-layi. Ashe kuskuren a rubutu yake, an tsallake kalmar "juya", mai ɗinki kuwa ya bi abin da aka ba shi. Wanda ya rubuta ya ƙara kalmar da hannunsa, aka warware yankin aka sake ɗinkawa.

Bargon yana rataye a bangon ajin. Kakar yarinyar ta zo ta gan shi, ta bi layukan da yatsa tana ƙirgawa, sannan ta ce wa malamar: "'Yata, gobe zan aiko muku da kaba."