Kalmar da Ta Ƙi Zama a Bakin Bahaushe

Ɗalibin da aka ba aikin fassara kalmar Faransanci laïcité yakan yi saurin rubuta "ba ruwan gwamnati da addini". Nan gizo ke saƙa. A kunnen Bahaushe "ba ruwana" furuci ne na mai juya baya, irin wanda uba kan yi wa ɗan da ya gagare shi. Dattijon Maraɗi in ya ji haka, abin da zai fahimta shi ne hukuma ta yi watsi da Allah.

A Faransa aka haifi kalmar, cikin doguwar jayayya da cocin Katolika wadda ta kai ga dokar 1905. Nijar ta gaje ta a kundin tsarin mulkin 1960, alhali ba ta da wani cocin da za ta ƙwaci iko daga hannunsa. A farkon shekarun 1990 ƙungiyoyin Musulunci suka yi mata ca, aka janye ta. Kundin 2010, wanda sojoji suka dakatar a 2023, raba gwamnati da addini ya ambata, kuma shi ɗin ne ya wajabta wa shugaban ƙasa rantsuwa da littafi mai tsarki na addininsa.

Fassarar da ta fi dacewa, ko da ta yi tsawo, ita ce "gwamnati ba ta fifita wani addini". Kiristan Damagaram da aka ƙona wa coci a Janairun 2015 ma ba ya fatan hukumar da za ta ce ba ruwanta.